Allura Goma da Zarensu

Autata,

Ina gaisuwa. Ya jikin babanki? An ce kina barinsa ya fita ba rigar sanyi. Ba haka na rene ki ba, ki gyara.

Ni lafiya lau, sai dai ruwan sama da duhun shagon ɗinki. Jiya na kasa ganin kafar allura, ga mai shagon tsaye a kaina. Na ce zaren ne mara kyau, don kada ta sallame ni. Ni da nake dukanki saboda ƙarya!

Ki zura zare a allura goma ki aiko mini, yadda kike yi mini kina ƙarama. Kada babanki ya ji.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki