Kada Jinjirin Ma'u Ya Jira Suna

Fatakwal, Unguwar Rumuokoro

Zuwa ga Yaya Hajaratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sauki 'yarmu Ma'u lafiya, tunda uwarta, matata Rakiya, ta ce watan haihuwarta ya kama. Mu nan ruwa ake ta yi, kasuwa kuma sai godiya.

Yaya, ki zauna kafin a karanta miki sauran. Kin san ɗana Auta ya samu aiki a jirgin ruwan wani kamfanin mai. Da aka yi masa gwajin jini kafin ya fara, sai aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Yaron da ko zazzaɓi bai cika yi ba! Wallahi da ya faɗa mini a rumfa, albasar da ke hannuna sai da ta zube. Na ce ƙarya ne, domin an yi masa rigakafin wannan ciwo yana jariri, ni na kai shi da uwarsa asibiti bayan sun dawo daga Kano.

Na je na sami likitan, na tambaye shi ko allurar ce ta daina aiki bayan shekara ashirin. Ya ce a'a. Wanda aka yi wa cikakkiya yana jariri, kariyarta kan kai shi girma, shekara ashirin zuwa talatin ko fiye, kuma ko alamarta ta ragu a jini, jiki bai manta ba. Sai ya tambayi ranar da aka yi wa Auta ta farko. Na ce bayan arba'in, domin a ɗakinki aka haife shi, kuma a gidanmu jinjiri ba ya ƙetare zaure sai an gama wankan jego. Sai ya ce a kawo uwarsa.

An gwada Rakiya, tana da shi. Shekaru tana yawo da shi ba ta sani ba. Likita ya ce mai yiwuwa wajen haihuwa ya shiga jikin Auta, allurar ta zo ta tarar baƙo ya riga ya zauna. Da a ranar da ya faɗo aka yi masa, da wuya ya kamu. Yanzu an ce su riƙa zuwa ana duba hantarsu, maganar aikin kuma ba mu san matsayinta ba. Rakiya ba ta iya cin abinci, sai kallon yaron take.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin da aka haifi Ma'u ba a fara wannan allura ba, kuma cikin da ya haifi Auta shi ya haife ta. Ki sa mijinta ya kai ta gwaji a makon nan, ta haihu a asibiti. In kuma naƙuda ta riske ta a gida, a yi wa jinjirin allurar kafin rana ta zagayo. Na san tsofaffin gida za su ce ɗanyen goyo ba ya shan iska, kuma ke suke jin maganarki. Ki naɗe shi a zane ki fita da shi da kanki. Ragon suna yana wuyana, shi zai iya jiran kwana bakwai. Allurar ba za ta jira ba.

Ki gaida Bappa da Delu da Sa'a. Rakiya na gaishe ki, ta ce ki sa ta a addu'a.

Ƙaninki,
Lawal Indabawa