Hatimin Mai Kemis

Shepparton, farkon watan Mayu, 2011

Zuwa ga Narelle, ta hannun yayarki Raelene,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Tegan. Na san ganin rubutuna kaɗai ya isa ya ɓata miki yini, amma ki daure ki karanta. Maganar kuɗi ce, kuma haƙƙinki ne.

Kin tuna da muka rabu muka sayar da gida, bashin da muka ci muka saye shi bai cika shekara huɗu ba muka biya shi duka. Sai kamfanin da ya ba mu bashin ya zaftare dala dubu bakwai da ɗari takwas, wai kuɗin fita, tarar wanda ya biya kafin lokaci. A lokacin ko kallon takardar ba mu yi ba, kowa ta kansa yake yi. To yanzu mutane suna ta kai ƙorafi, wasu ana mayar musu. Ni ma na kai namu, na yi ta sintiri, har sun ce za su mayar. Sharaɗinsu ɗaya ne. Tunda sunanmu mu biyu ne a kan bashin, sai mu biyun mun sa hannu a takardar rantsuwa guda.

Ga takardar nan na haɗo. Ki sa hannu a gaban wanda doka ta yarda ya shaida, mai kemis ko ɗan sanda, ya buga hatiminsa. Ki aiko wa Raelene, in karɓa in sa nawa hannun, in haɗa da sauran takardu in miƙa.

Ba tambayar inda kike nake yi ba, kuma ba zan tambaya ba. Na daina shan giya tun Kirsimeti, Nel. Ni ba mutumin da kika sani ba ne yanzu. Kuɗin ma ki riƙe duka, na ji an ce Tegan tana bukatar wayar gyaran haƙori.

Ki huta lafiya.
Baban Tegan, Gavin

*

Tsakiyar watan Mayu

Yaya Raelene,

Gaisuwa da fatan alheri, ya mijinki Col da ciwon gwiwarsa? Saƙonki ya iso ta ofishin matan nan na Melbourne masu taimaka wa waɗanda suka gudu daga dukan miji, kamar kullum. Sai da na buɗe ambulan na ga rubutun hannun wanda ke ciki, na tashi na duba ko na sa wa ƙofar baya sakata. Da rana tsaka fa, Yaya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gavin ne zai ce in riƙe dala dubu bakwai duka? Mutumin da yake rubuta kilomitar motata kowace safiya, da yamma ya zo ya duba, ya ce ina na je da ragowar? Mutumin da yake ƙirga yankan burodi? Takardar kotu da ta hana shi kusantarmu ta ƙare a watan Maris, a watan Mayu kuma sai ga shi ya zama mai tausayin haƙoran yara.

Kuma ki duba wannan. Me ya hana shi sa hannunsa tukuna, ya aiko, ni in sa nawa in aika wa kamfanin kai tsaye? Me ya sa sai takardar ta koma hannunsa? Kin manta yadda ya gano mu a karon farko? Hoto ɗaya na aika wa mahaifiyarsa don tausayi, ya sa gilashi ya karanta sunan makaranta a jikin rigar sanyin Tegan. Ranar Litinin muka fito muka tarar da a-kori-kurarsa a bakin makarantar. Kin san abin da ya biyo baya, ke kika kwana da ni a asibiti.

Abu ɗaya nake da shi a duniya yanzu, Gavin bai san inda muke kwana ba. Tegan ta daina firgita in mota ta tsaya a waje. Ta yi ƙawaye, har tana buga ƙwallon raga. Ba zan sayar da wannan ba, ko nawa ne.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba, kuɗin suna min ƙyalli a ido. Likitan haƙori ya faɗi abin da za a kashe, na yi dariya kawai na fito.

Sai tambayar da ta hana ni sukuni. Maganar haƙoran Tegan ke kaɗai na gaya wa. Yaya aka yi ta kai kunnen Gavin?

Ƙanwarki,
Narelle

*

Shepparton, ƙarshen watan Mayu

Auta,

Ina gaishe ki, duk da ban ga abin gaisuwa a wasiƙarki ba. Col yana nan da sauƙi, ya ce in ce miki gwiwar ta fi ki hankali.

To, ni ce ɓarauniyar, ko? Na ji. E, ni na faɗa. Ranar Asabar ce, wajen da ake gasa nama don tara wa yara 'yan ƙwallo kuɗi, Gavin ya zo ya tsaya kusa da ni da burodinsa a hannu, ya ce, "Raelene, yarinyar nan dai tana lafiya?" Idonsa har da ƙwalla. Me kike so in ce? Na ce lafiyarta ƙalau, sai haƙora da suka hau kan juna irin na danginsu. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ko na so in faɗi inda kuke, da wane bakin? Shekara biyu ina rubuta wa ƙanwata wasiƙa ta hannun baƙi, kamar mai ɗan'uwa a kurkuku. Ni da na goya ki. Ban taɓa faɗa miki ba, amma abin yana ci mini rai.

Yanzu ki saurara. Na buga wa kamfanin waya da kaina, na ba su lambar da ke saman takardar. Wata yarinya mai magana ta hanci ta ce ba za ta gaya mini komai ba tunda ba sunana ba ne, amma ta tabbatar akwai ƙorafin, kuma hannu biyu suke jira. Ke nan ba ƙirƙira ya yi ba. Na tambaye shi maganar sa hannu tukuna, ya ce, "In na sa nawa na ba ta, ta jefa a shara fa? Wata uku na yi ina bin abin nan." Ni dai ban ga laifin wannan amsar ba.

Kuma mutumin ya canza, Auta, ido ba ya ƙarya. Ya rame, ya aske gemun nan, bai ƙara fashin aiki a masana'antar gwangwani ba. Col ya ce ko a mashaya ba a ganinsa. Na san wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma wannan kuɗinki ne, kamfani ya ci, za ki bar musu don tsoron inuwa? Inda aka ce adireshi ki rubuta nawa. Ki shiga kemis ɗin unguwarku, minti nawa ne, ya buga miki hatimi a wuce wurin.

In abin nan ya wuce lafiya, ina roƙonki abu ɗaya. Ki zo mana Kirsimeti, ko ki bar ni in zo. Na gaji da auna tsayin Tegan da ka in zan saƙa mata riga.

Yayarki da kika mayar 'yar leƙen asiri,
Raelene

*

Watan Yuni

Gavin,

Gaisuwa. Ga takardar, na sa hannu a gaban mai kemis kamar yadda ka ce. Adireshin da ke kai na Raelene ne.

Ba na son duka. Rabina nake so, dala dubu uku da ɗari tara, kamfanin ya aika gidan Raelene da sunana. Naka ka yi abin da ka ga dama da shi.

Ka ce ka canza, ka ce ba ka neman inda muke. To, na ji. In gaskiya ne, lokaci zai nuna, kuma ba ni kaɗai zan gani ba. Kada ka ƙara ce mini Nel.

Ka huta lafiya.
Narelle

*

Shepparton, ranar Laraba

Auta, Auta,

Ba gaisuwa yau. Na buga wa ofishin matan nan waya sau ba adadi, sun ce za su isar da saƙo, amma ban yarda da kowa ba yanzu, shi ya sa nake rubutawa kuma. Ki ɗauki Tegan ku bar garin nan. Kada ki tsaya haɗa kaya.

Shekaranjiya Gavin ya zo karɓar takardar. Na ba shi a tsaye a bakin ƙofa, Col yana bayana. Na ɗauka zai duba sa hannunki. Ko kallonsa bai yi ba. Ƙasan takardar ya kai idonsa, ya matso da ita kusa da fuska, leɓensa yana motsi. Sai ya yi wani murmushi, irin wanda na sani tun ranar bikinku, ya ce, "Na gode, Raelene, ke 'yar'uwa ce ta gari." Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Bayan ya tafi jikina ya ƙi daɗi. Dama na ɗauki hoton takardar a ɗakin karatu na gari don ajiya, sai na ɗauko na duba inda ya duba. Hatimin mai kemis ne, Auta. Sunan shagon, da titi, da sunan gari, Casterton, ɓaro-ɓaro da shuɗin tawada. Sau nawa na kai takarda kemis aka buga mini irinsa, ban taɓa karanta abin da ke jiki ba. Wa yake karantawa? Shi ya sa ya nace sai ta dawo hannunsa.

Jiya Col ya bi ta masana'anta. Sun ce Gavin ya ɗauki hutun mako biyu, wai mahaifiyarsa ba lafiya. Mahaifiyarsa kuwa na gan ta da idona a kanti tana zaɓen dankali. A-kori-kurarsa ba ta ƙofar gidansa. Na sake buga wa kamfanin, yarinyar nan ta ce har yanzu takarda suke jira. Bai ma aika ba.

Ni na ce ki shiga kemis ɗin unguwarku. Ni na ce ya canza. Bakina ne ya jawo miki, tun daga haƙoran yarinyar nan. In wani abu ya same ku ba zan yafe wa kaina ba. Na gaya wa 'yan sanda, sun rubuta, sun ce mutum bai yi laifi ba don ya tuƙa motarsa. Don Allah ko layi ɗaya ne ki aiko in san kuna raye.

Yayarki,
Raelene

*

Watan Yuli

Yaya,

Gaisuwa, kuma ki share hawayenki. Lafiyarmu ƙalau, Tegan tana makaranta.

Ban taɓa kwana a Casterton ba. Na karanta hatimin kemis ɗinmu tun kafin in miƙa masa takarda, na ga sunan garinmu a jiki, sai na ɗauki hutun yini guda na tuƙa mota har can, nesa da inda muke, don a buga mini nasu hatimin. Na gaya wa matar da ke da kemis ɗin gaskiya, na bar mata lambar ofishin matan nan. Ta buga musu waya makon jiya. Gavin ya je shagonta da hoton Tegan, wai 'yarsa ce ta ɓata. Ta yarda za ta faɗa a gaban alƙali, lauyar ofishi ta ce za mu nemi sabuwar takardar kotu. Kuɗin kuwa sun tafi, haƙora sa jira.

Ban ga laifinki ba. Ni ma na so a ce ke ce mai gaskiya. Ranar da na dawo daga Casterton na rubuta adireshinmu na sa a ambulan da sunanki, na ce in wata guda ya wuce Gavin bai motsa ba, zan aiko miki ki zo Kirsimeti.

Na yaga shi jiya. Tegan ta kai kafaɗata yanzu, ki ƙara wa hannun rigar tsawo.

Ƙanwarki,
Narelle