Juyi Na Goma Sha Bakwai

Talata da dare, Dayi

Yau na ceci ƙwan zabina. Ragulatar da ke daidaita wutar injin ƙyanƙyasa ta ƙone da hantsi, na ɗaura sabuwa, sai mita ta nuna wuta ashirin da huɗu, alhali sha biyu fankar injin ke so. Na murza 'yar ƙusar saiti da ke kan shuɗin akwatin ragulatar sau biyar, lamba ko motsi. Yaya Sani ya ce, "Jabu ce, Hauwa. Ki soye ƙwan kawai."

Haushi ya sa na ci gaba da murzawa hagu da bakin wuƙa, ƙwai na ta hucewa. A juyi na goma sha bakwai lamba ta fara sauka. Fanka ta tashi!

Wai yanzu in ajiye masa 'yan tsaki biyu. Ya jira soyayye.