Bindiga a Ƙofar Gidan Tsibiri

Maraɗi, unguwar Zariya, Janairu 2010

Ɗana Idirisa,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Sai ranar Laraba na gane abin da marigayi abokinka Ilyasu yake yi a shagon kwamfuta na Jibo. Jibo ya aiko in je in ga abin da ya bari. Ya zaunar da ni, ya kunna, sai ga gidanmu na Tsibiri a cikin gilashi. Ga zauren, ga rumbun, har tsagar katangar da ruwa ya ci. Ashe cikin wani wasan yaƙi na Turawa ya gina shi. Ni da na haife shi ban sani ba.

Jibo ya ce in danna in shiga. Sai na ga hannu riƙe da bindiga a gabana, duk inda na juya tana nan. Na ce ya ajiye ta. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai ba ta ajiyuwa, haka aka ƙera abin." Na ce to ni ba na shiga gidan ubana da bindiga. Na tashi na hau kabu-kabu.

In akwai dabara ka faɗa mini. Allah ya yi maka albarka.

Innarka, Tasalla

Yamai, Maris 2010

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙarin haƙurinmu? Ki gafarce ni da jinkiri, tun da sojoji suka karɓi mulki komai ya tsaya mana.

Gini da fenti kaɗai kamfanin da ya ƙera wasan ya yarje wa irinmu. Injin da ke ƙarƙashi, mai sarrafa hannu da tafiya, a kulle yake. Ilyasu ya yi fama da bindigar nan har sanƙarau ya kwantar da shi. Cewa yake, "Tsohuwa ba za ta yarda ba."

Yanzu kamfanin ya saki rubutun injin ga kowa. Ni da wasu masu son wasan a ƙasashen waje mun buɗe, mun cire bindigar. Na tura wa Jibo.

Amma Inna, ɗakinki ne Ilyasu bai ƙarasa ba. Mutanen nan sun ce in kin aiko da hoton ɗakin za su gama shi. Shawara taki ce.

Allah ya jiƙansa, ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki, Idirisa

Maraɗi, Afrilu 2010

Ɗana Idirisa,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso.

Na je. Hannun ba komai a cikinsa. Na yi sallama a zaure, yaran shagon suka yi ta dariya, Jibo ya kore su waje. Na zaga ko'ina. Ilyasu ya sa turmina inda nake ajiye shi, har ƙwaryar kaji bai manta ba.

Ɗakina bango uku ne, ba rufi. Na tsaya daga bakin ƙofa. Duk abin da ke tsaye a wurin hannunsa ne. In aka ɗora na huɗu, ba zan ƙara sanin inda ya tsaya ba.

Ka gode mini wa mutanen nan, Allah ya saka musu da alheri. Ka huta lafiya.

Hoton dai ban ɗauka ba tukuna.

Tasalla