Garwashin da Talatu Ta Ɗiba

Zuwa gare ki Kande, uwar 'ya'yana,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya haskaka shi, Ya yalwata miki shi. Ni dai ina nan Ikara, a gidan da kika bari. Ƙafa ta ƙi, baya ya ƙi, amma da godiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takaici, kuma babu wanda zan faɗa wa ya gane sai ke. Shuɗin nan ya sake ƙi mini.

Babban yaronki ya zo daga Kaduna wancan watan. Ya ce zamana ni kaɗai ya isa haka, da an gama girbi zai zo da mota ya ɗauke ni. Tanderun da nake gasa tangaran kuma rushe shi za a yi, a gina shaguna a wurin. Ban yi masa gardama ba, don da gaskiyarsa. Abu ɗaya na roƙa: a bar ni in fitar da kwano ko da guda ne mai shuɗin nan namu, in tafi da shi. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce a kasuwa akwai kwanuka shuɗɗa iri-iri.

Ke kin san ba irinsu ba ne. Na kasuwa launi aka zuba musu. Namu babu ko ɗigon shuni a cikinsa. Ruwan ƙyallin da ake tsoma kwano a ciki fari ne fat, sai wuta ta narkar da shi, ya huce a hankali, sannan shuɗin ya taso daga can ciki, kamar an ɗiga madara a ruwa an ɗaga wa hasken rana. Ranar da ya fara fitowa kin juya kwanon a hannunki kin daɗe, kika ce sararin sama ne bayan an ɗauke ruwa.

Komai na haɗa yadda muka saba. Garin farin dutse, tokar ƙashin da na karɓo wurin mahauta ranar kasuwa, da tokar ɓuntun shinkafa, wadda kika wanke da hannunki kika shanya kika zuba a tsohuwar randa, damina ta ƙarshe da kika yi da ƙarfinki. Ba na iya wanke wata yanzu, tsugunno ya fi ƙarfina. Tanderun ma ya tsufa kamar mai shi, ba ya kai zafin da aka koya mana a makarantar sana'a muna samari. Dole na dawo matsakaicin zafi, na daka kwalabe na ƙara garinsu don haɗin ya narke da wuri. Dakan nan kaɗai ya kwantar da ni kwana da kwanaki.

Na tace da tsohon ɗankwalinki har sai da babu tsakuwa ko ɗaya. Na dama ya yi kaurin koko, irin wanda in ka tsoma yatsa ba ka ganin farce. Ina tsoma kwanukan, ɗaya ya suɓuce ya nutse a cikin roba, na tsamo shi ina ta faɗa, ba kowa a gidan sai kaji.

Wutar ta tafi daidai, Kande. Na leƙa ta ramin dubawa na ga ƙyallin ya narke yana sheƙi kamar mai. Da hantsi na daina sa itace, na toshe kowace kafa da laka, har bakin murhun da ake zura itace, don iska ita ce abokiyar gabar shuɗin nan. Na yi azahar na kishingiɗa don bayana ya lafa.

Da la'asar na fito na tarar da bakin murhun a buɗe. Talatu ce, matar Malam Shehu maƙwabcinmu, wadda aka kawo bayan rasuwarki. Ta ga hayaƙi tun safe, gas ɗinta ya ƙare, sai ta shigo da kasko ta ɓare lakar ta ɗebi garwashi, kamar yadda mace ke ɗiban wuta a gidan maƙwabta tun kaka da kakanni. Ta ma gaya wa ta gidan gaba, ita ma ta zo ta ɗiba. Ba wadda ta sake toshe shi.

Da na kwashe, duka sun fito launin ruwan wanki. Wasu sun tsattsage. A gindin ɗaya, inda ƙyallin ya taru ya yi kauri, akwai ɗan shuɗi bai fi ƙwayar wake ba. Shi ya fi ƙona mini rai, don ya nuna haɗin daidai yake.

To wa zan yi wa faɗa? Yarinyar nan ita ke aiko mini da tuwo kullum, ita ke leƙowa in ta ji shiru. Da garwashin da ta ɗiba ta dafa abin da na ci a ranar. Na ci ina haɗiyar takaici tare da loma.

Sai na tuna yadda kike shimfiɗa tabarma a bakin tanderu duk ranar da aka toshe shi, kina tsinke zogale, ba kya tashi sai salla. Mace ta shigo da kasko ki ce mata, “Wutar nan tana da aure, ba a zawarcinta.” Su fita suna tsaki. Har suna suka sa miki a unguwa, mai rowar wuta, kika yi dariya kika ce su ƙara da wani. Ni a lokacin abin dariya na ɗauke shi.

Tokar da ta rage a randar ba ta wuce haɗi ɗaya ba, na kuwa riga na dama ta. Shekaranjiya na dogara sanda na shiga gidan Malam Shehu. Na gaishe su, na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na fito da maganar: in na sake kunna wuta, don Allah kada a taɓa mini murhu sai na buɗe da kaina. Na yi ƙoƙarin bayyana mata batun iska da hucewa. Ta sunkuyar da kai tana sauraro, da na gama ta ce, “To Baba, Allah Ya ba da haƙuri. Ban san wuta ma ana hanawa ba.”

Tuwon bai daina zuwa ba. Amma yanzu a bakin zaure ake ajiye shi, a ƙwanƙwasa ƙofa a juya. Yau kwanon ya huce kafin in kai gare shi. Magana ɗaya na yi, sau ɗaya, ga abin da ta jawo. Ke kuwa shekara da shekaru kina yin ta, da matan da za ki haɗu da su gobe a gidan suna da bakin rijiya, ba ki taɓa kawo mini ƙara ba.

Na shirya kwanukan a ciki, itace na jingine. Jibi in Allah Ya kai mu zan kunna. Na fitar da tabarmarki na kakkaɓe, ni zan zauna a kanta, ko da bayana zai tsinke. Ban sani ba ko shuɗin zai fito. In ya ƙi, an gama, don babu sauran toka kuma babu sauran ke.

Allah Ya gafarta miki, Ya saka miki da alheri a kan kowane tsaki da kika sha saboda ni. Ya sanyaya zuciyar Talatu, don ba ta yi da mugunta ba. Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ne mijinki,
Malam Bala maginin tangaran