Bugu Uku Kafin Amshi

Tokyo, 2 ga Yuli

Zuwa ga Ohashi-san,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zafin bana bai takura maka ba. Sunana Kurihara Nonoka. Ina sa murya a finafinan zane na anime, kuma an ba ni in sake rera "Laimar Bakin Teku", waƙar bazara da Shiomi Chizuru ta yi a 1985, don sabon shirinmu. Ita mahaifiyata take rerawa in tana shanya tun ina ƙarama. Har yau ban ji muryar da ke sa mutum kewar bazarar da bai taɓa gani ba kamar tata.

Ga damuwata. Dab da amshi, kiɗan yana tsayawa cak na bugu uku. Darakta ya ce ɓata lokaci ne, ranar Alhamis 24 ga wata zai yanke wurin. Ni kuwa in babu giɓin nan sai in ji waƙar ta zama ta kowa. Wani mai sayar da tsofaffin faifai ya ce kai ka shugabanci ƙungiyar masoyanta. Ka taimaka mini, na mene ne?

Taka cikin ladabi,
Nonoka


Numazu, 6 ga Yuli

Kurihara-san,

Na ga wasiƙarki, na gode. Zafi kam ya sauka, kekunan 'yan makaranta sun cika mini shago.

Daraktanki bai taɓa tsayuwar awa shida a rana don tikiti ba, shi ya sa. Giɓin namu ne. Nan muke kiran sunanta: Chi-zu-ru. Mu ɗari uku, da shuɗayen riguna da ƙyalle a goshi, da murya ɗaya. Wata biyu muka yi muna koyo a ƙarƙashin gada, don maƙwabta sun kore mu daga fili. Ita kuma ba ta shiga amshi sai mun gama. Ranar da ruwa ya kashe lasifika a Osaka ta rera babu kiɗa, ta tsaya jiƙe sharkaf ta jira mu. Shekarata sittin da biyu, ban ga mawaƙin da ya girmama masu sauraro haka ba.

Mu goma sha ɗaya muka rage. Ki sha ruwa sosai.

Ohashi Tetsuro, mai gyaran keke


Tokyo, 9 ga Yuli

Ohashi-san,

Gaisuwa da godiya. A jirgin ƙasa na karanta, na wuce tashata. Na kai wa darakta wasiƙarka, ya karanta sau biyu, ya ce, "To, su zo su cike wurin. In ba su zo ba, almakashi na nan." Ku zo ranar 24 a ɗauki muryarku kuna kiran sunanta, duk ƙasa ta ji.

Nonoka


Numazu, 13 ga Yuli

Kurihara-san,

Ina gaisuwa. Ba za mu iya ba, kuma laifina ne da na ba ki rabin labari.

Ranar da ta yi ritaya, ta ajiye makirfo a ƙasa, ta sunkuya mana ta ce, "Daga gobe kada ku sake kirana. Ku bar ni in je kasuwa kamar kowace mace." Muka amsa. Shekara talatin da takwas babu wanda ya neme ta. Duk watan Agusta muna haɗuwa, mu ci taliya mai sanyi da kankana, mu sa kaset ɗin, in an zo giɓin kowa ya kama bakinsa. Tana raye a wani gari, wataƙila jikokinta suna kallon shirinki. Ba zan aika mata da ihun tsofaffi har cikin falonta ba.

Ki yi haƙuri, raina bai so ba.

Ohashi


Tokyo, 16 ga Yuli

Ohashi-san,

Ina gaisuwa cikin kunya. Na janye roƙona, a yanke wurin ya fi mini a karya muku alkawari. Ga waƙar kamar yadda na rera ta kafin almakashi. Da ƙyar na samu wanda ya juya mini ita a kaset. Ina so ko mutum ɗaya ya ji ta cikakkiya.

Nonoka


Numazu, 20 ga Yuli

Nonoka-chan,

Gaisuwa. Na tara tsofaffin, muka saurara a shago. Ba ki kai mai waƙar ba, kada kanki ya kumbura. Amma kin jira. Kin yi shiru a wurin kamar mai sauraron mutane, har ɗayanmu, Kondo, ya tashi wai zai duba tayar da babu abin da ya same ta.

An yi gardama sosai. Mu tara za mu zo Alhamis, biyu sun ce a kai kasuwa. Nata sunan yana nan inda ta ajiye shi. Naki za mu kira, shi ma bugu uku ne.

Kwana biyu ina koyo a bayan shago, sau huɗu bakina ya koma inda ya saba. In na kuskure ranar, ki sa a goge wurin kafin ya fita. Kada ta ji.

Ohashi