Addu'ar Malam Narayan a Haruffan Kibod

Kwamba, Suleja
4 ga Yuni

Yaya Priscilla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Barnabas da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin tuna Malam Narayan, Ba'indiyen da ya koya miki lissafi, wanda ya auri 'yar Ibo ya ƙi komawa ƙasarsu? Ya makance, Yaya, ciwo kuma ya ci ƙarfinsa. Ya aiko shagona na buga takardu a kwamfuta aka kira ni. Wai akwai addu'ar da suke karanta wa mutum a kunne idan zai cika, da Sanskirit, tsohon harshen ibadarsu. Burinsa jikarsa Chisom da ke Fatakwal ta karanta masa, ita kuwa ba ta san rubutunsu ba ko kaɗan. Shi ne yake faɗa, ni ina buga mata da haruffan kibod ɗinmu.

Kai, aiki ne! Sautukansu sun fi haruffanmu yawa, sai a cusa babban baƙi a tsakiyar kalma. Babban A, a ja murya. Babban T, a naɗe harshe sama. Tunda ba ya gani, duk layin da na buga sai na karanta masa da ƙarfi. In na kuskure ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, kamar yadda yake muku a aji. Jiya layi ɗaya tak, ƙwanƙwasa goma sha ɗaya! Saura ƙiris in rufe laftof ɗin in kama gabana.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki,
Kande

Kwamba, 19 ga Yuni

Yaya,

Na ga saƙonki, na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. A gaida yara.

Mun gama addu'ar, layi goma sha takwas ce, na tura wa Chisom ta waya. Kullum sai ta ce mako mai zuwa, wai wurin aiki sun hana ta hutu. Shi kuwa ya daina cin abinci, ko kunu sai da lallashi. Keke Napep na tsayawa a ƙofa sai ya ɗago kai. Abin yana cina, har na kira ta na zazzaga mata masifa, daga baya na ji kunya.

Ga wata kuma. Addu'ar nan ta manne mini a baki. Ina wanki ina yi, ina cikin keke ina yi, ban ma sani ba. Ni da nake cikin mawaƙan kwaya a coci! Na ce wa kaina bugawa ce aikina, karatu na jikarsa ne, bakina ba zai sake taɓa ta ba. Don Allah kada ki gaya wa Mama.

Taki,
Kande

Kwamba, 26 ga Yuni

Yaya Priscilla,

Ina gaishe ku duka. Malam Narayan ya rasu ranar Talata da rana.

Chisom ta sauka Abuja tun safe, amma tankar mai ta faɗi a wajen Dutsen Zuma, hanya ta toshe. Numfashinsa ya fara sarƙewa, na kira ta, na kara masa wayar a kunne. Tana kuka tana karantawa daga cikin mota, tana tuntuɓe, yatsansa na ɗan motsi a kan zanin gado. A layi na shida waya ta katse. Na kira sau biyar, babu sabis. Na fita ƙofa, na dawo, na sake fita. Shi yana kwance yana jiran layi na bakwai.

Na durƙusa, Yaya. Ko takardar da na buga ban duba ba. Na ja inda ake ja, na naɗe harshe inda ake naɗewa, idona na kan hannunsa. Tsoro nake ji, ina kuma jin tausayinsa kamar ubana.

Har na kai ƙarshe bai ƙwanƙwasa ba ko sau ɗaya. Chisom ta iso da yamma, tambayarta ta farko ko ya ji har ƙarshe. Na ce mata an karanta masa duka. Amma ke zan gaya miki gaskiya: ban sani ba ko ranar ce na fara yin daidai, ko kuwa ya riga ya tafi.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki,
Kande